Tura masu neman mafaka zuwa wata ƙasa: riba ce ko asara?

Baban Iman:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son masu sani su warware mini wani abu. Birtaniya ta so kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda abin bai yiwu ba, Italiya ta gina sansani a Albaniya, Ostiraliya kuwa ta daɗe tana kai su tsibirai. Masu goyon baya na cewa ya fi arha a kan a yi ta ciyar da mutane a otal, kuma yana karya kasuwar masu safarar mutane. To nawa ake kashewa a kan mutum ɗaya? Kuma akwai inda ya hana mutane zuwa da gaske?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam. Mu ɗauki na Ruwanda, tunda shi ne aka baje takardunsa a fili.

An sa hannu a Kigali a watan Afrilun 2022. Ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya fitar da lissafin a watan Maris na 2024: fam miliyan 370 za a bai wa Ruwanda ko an kai mutum ko ba a kai ba. Idan waɗanda aka kai suka cika 300, a ƙara fam miliyan 120. Kowane mutum ɗaya kuma fam 20,000, sannan kusan fam 151,000 cikin shekara biyar na duba takardunsa, masauki, abinci, magani da karatu. Kuɗin jirgi, wanda mutane ke zaton shi ne babba, kimanin fam 11,000 ne kacal. Da aka tara aka raba wa mutum 300 na farko, kowanne ya tashi a kan kusan fam miliyan 1.8.

Ita kanta ma'aikatar cikin gida ta yi nata ƙiyasin a Yunin 2023. Ta ce tura mutum ɗaya zai ci fam 169,000, barinsa a Birtaniya kuwa fam 106,000. Wato duk wanda aka ɗora a jirgi an yi asarar fam 63,000 a kansa. Ribar duk tana rataye ne a kan waɗanda za su ji tsoro su fasa tahowa, kuma takardar ta ce sai kashi 37 cikin ɗari sun fasa kafin a mayar da uwar kuɗi.

A nan gizo ke saƙar. A 2022 sama da mutum 45,000 suka tsallaka mashigin ruwan Ingila a ƙananan kwale-kwale, masaukin da aka tanada a Kigali kuwa na mutum 100 ne. Ko a ce an kai 300 a shekara, bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya ratsa hamada ya ƙetare teku, wannan ba zai sa ya juya ba.

Ƙarshenta da gwamnatin Keir Starmer ta soke shirin a Yulin 2024, ministar cikin gida ta wancan lokacin Yvette Cooper ta shaida wa majalisa cewa fam miliyan 700 aka kashe, mutum huɗu suka tafi, su ma don ra'ayin kansu. Amma a yi adalci, matsalar da ake gudu ba ƙarya ba ce: a 2023 kuɗin otal kaɗai na cin kimanin fam miliyan 8 kullum.

Hajiya Lauya:
Malam Mai Lissafi ya gama da kuɗi, ni bari in taɓa shari'a, don can ne shirin ya mutu tun kafin a soke shi.

Da farko a daina haɗa su a kwando ɗaya, iri uku ne. Na Ruwanda sallamawa ce gaba ɗaya: Ruwanda ce za ta duba buƙatar mutum, idan ya ci ya zauna can, babu komawa Birtaniya. Na Albaniya wuri kawai aka ara, jami'an Italiya da dokar Italiya ne ke yanke hukunci, wanda ya ci a kai shi Italiya. Na uku shi ne tara waɗanda aka riga aka ƙi, kafin a mayar da su gida. Kowanne da inda kotu ke kama shi.

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba ta hana a kai mutum ƙasa ta uku ba. Abin da sashe na 33 ya hana shi ne mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari, kai-tsaye ko ta bayan gida. Wannan ta bayan gidan ce ta kada Birtaniya. Jirgin farko a Yunin 2022 bai tashi ba saboda umarnin gaggawa na Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. Ranar 15 ga Nuwamba 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya, alƙalai biyar baki ɗaya, ta ce akwai haɗarin Ruwanda ta yi kuskuren tantancewa ta mayar da mai gaskiya hannun waɗanda ya gudo wa. Cikin hujjojin har da abin da ya faru da Isra'ila, wadda tsakanin 2013 da 2018 ta tura kimanin mutum 4,000 'yan Eritiriya da Sudan zuwa Ruwanda da Yuganda, kowanne da dala 3,500 a hannu. Da yawansu ba su samu takardar zama ba, aka tsallakar da su iyaka, wasu suka sake kama hanyar Turai.

Gwamnati ta mayar da martani da dokar Afrilun 2024 wadda ta ce a ɗauki Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci. A ganina rubuta aminci a takarda bai horar da jami'in tantancewa ko ɗaya ba. Abin da ake bukata a ƙasan shi ne tafintoci, lauyoyi, kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta, da masu sa ido, kuma waɗannan shekaru suke ci.

Italiya ma haka. An ƙiyasta kimanin yuro miliyan 670 a shekara biyar. A Oktoban 2024 jirgin ruwan soja ya kai mutum 16 'yan Bangaladash da Masar tashar Shengjin ta Albaniya. Nan take aka mayar da huɗu, biyu don ƙarancin shekaru, biyu don rauni. Sauran 12 kotun Roma ta ƙi amincewa a tsare su, aka kwaso su cikin kwanaki. Tantancewar da ake yi a tsakiyar teku ita ce ke ba da matsala: ba a gane shekarun yaro ko wanda aka azabtar da kallon fuska.

Dattijon Zaure:
Hajiya, Allah ya ƙara basira, amma kada Baban Iman ya tafi da zaton ba a taɓa cin nasara ba. Ostiraliya ta tsayar da jiragen. A 2013 sama da mutum 20,000 suka iso ta ruwa, cikin shekara biyu abin ya koma kusan babu, mutuwa a wannan hanyar ma ta ragu ƙwarai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a duba mene ne ya yi aikin. An sake buɗe sansanonin tsibirin Nauru da tsibirin Manus na Papuwa Niu Gini a 2012, amma zuwan jirage ƙaruwa ya yi, har sansanonin suka cika. Faɗuwar ta zo ne bayan abu biyu: sanarwar Yulin 2013 cewa duk wanda ya zo ta ruwa ba zai taɓa zama a Ostiraliya ba, da kuma juya jirage zuwa Indunusiya da sojan ruwa suka fara a ƙarshen shekarar. Masana da yawa na ganin juyawar ce ta fi tasiri. A mashigin Ingila kuwa ba a iya wannan, ruwan ƙunci ne, cike da manyan jirage, ga kwale-kwalen roba maƙare da mutane, kuma sai Faransa ta yarda ta karɓa.

Farashin ma ba sauƙi. Kotun Ƙolin Papuwa Niu Gini ta ce tsarewar Manus ta saɓa wa tsarin mulki a 2016. A 2017 aka biya diyyar dalar Ostiraliya miliyan 70 ga mutum kusan 1,900. Kambodiya aka ware wa miliyan 55 don ta karɓi waɗanda ke Nauru, mutum bakwai suka je. Akasarin waɗanda aka tsare kuma daga baya an tabbatar 'yan gudun hijira ne na gaskiya, suka shafe shekaru ba su san makomarsu ba, har Amurka ta yarda a 2016 ta ɗauki kimanin 1,250. Ciwon ƙwaƙwalwa da ya kama yara a Nauru, likitoci sun rubuta shi dalla-dalla.

Mai Lissafi:
Baba Dattijo, gaskiyarka. Ƙarin da zan yi kaɗan ne. 'Yan Albaniya kimanin 12,000 suka tsallaka zuwa Birtaniya a 2022. Aka ƙulla yarjejeniyar mayar da su ƙasarsu a Disamban shekarar, aka hanzarta duba takardunsu, a 2023 ba su kai 1,000 ba. Babu tsibiri, babu ƙasa ta uku. Amma hakan na yiwuwa ne da ƙasar da za a iya mayar da mutum cikinta. Ɗan Sudan kuwa, wanda galibi zai ci shari'arsa, ba inda za a mayar da shi. Kowane wata da takardarsa ke kwance a ofis kuɗin otal ne, tunda doka ta hana shi aiki sai ya shekara yana jira, sannan ma a wasu 'yan sana'o'i ƙalilan.

Baban Iman:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, saura ɗaya: nau'i na ukun da kika ambata, na waɗanda aka riga aka ƙi, idan ƙasarsu ta ƙi ba su takardar tafiya, wa zai ci gaba da riƙe su, kuma har yaushe?