Jirgin kwana ko biran Hada? Shawara kan hutun yara

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Yara sun kusa samun dogon hutu, na kuma yi alkawarin bana zan fitar da su daga zafin Riyad ko na sati ɗaya ne. To alkawari biyu na ɗauka. Walid jirgin ƙasan da ake kwana a ciki yake so, ƙanwarsa kuma ta kafe sai ta ga namun daji a kan dutse, wai ta gaji da na cikin keji. Ga Hajiyarmu, gwiwa ba ta barinta ta daɗe a mota. Akwai inda jirgi zai kai mu har gindin dutse mai sanyi?

Kawu Sale: Wa alaikumussalam. Babu, ɗana. Duwatsun da ke da sanyi a wannan lokacin su ne Ɗa'ifa da Baha da Abha, kuma ko ɗaya layin dogo bai je ba. Jirgin da Walid yake nufi na arewa ne: Riyad, Majma'a, Ƙasim, Ha'il, Jauf, sai Ƙurayyat can bakin iyakar Jodan, sama da kilomita 1,200. Shi ke da ɗakunan kwana a tafiyar dare. Dutsen da ke kan hanyarsa kuwa sai Aja da Salma na Ha'il.

Baban Walid: To ai shi ke nan Kawu, Ha'il ɗin ba dutse ba ne?

Kawu Sale: Dutse ne, mai kyau ma, ja jawur in rana ta yi yamma. Amma da rani za ka gudu daga murhu ka faɗa tanda. Ha'il garin hunturu ne.

Maman Sumayya: Kawu ya faɗi gaskiya. Mu a hutun sanyi muka je, kuma har yau yarana suna zancen jirgin fiye da garin. Akwai taragon cin abinci, akwai wurin sallah, ga hanyar tsakiya da dattijuwa za ta riƙa miƙe ƙafa. Mahaifiyata da ba ta iya awa biyu a mota ba a tsaya ba, ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba. Da muka wuce Ƙasim ƙaramin ya manne goshi da gilashi yana ƙirga raƙuma, ya kai ashirin da wani abu barci ya kwashe shi a tsaye, goshinsa ya bar tambari a tagar. Jirgin dare yana ɗaukar mota ma, amma sai an yi rajista da wuri don gurbin ba yawa. In ba ku tafi da mota ba sai kun yi haya, Ha'il ba garin yawo da ƙafa ba ne.

Namun daji kuwa, yaya, kar ka yi wa yarinya alkawarin da ba za ka cika ba. Mun kwana uku, tsuntsaye da ƙadangaru kawai muka gani. Dabbobin da muka gani da yawa na jikin dutse ne, a Jubba, kamar kilomita 90 daga Ha'il. Mutanen da suka zauna a wurin dubban shekaru da suka wuce sun sassaƙa awakin dutse masu lanƙwasasshen ƙaho da jiminu da raƙuma a jikin dutsen Ummu Sinman. A 2015 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. 'Yata ta tambayi mai yi mana jagora ina jiminun suka tafi, ya yi dariya ya ce a nan dai sun ƙare.

Ɗan Jidda: Ƙarin bayani kan jirgin arewa: tasharsa daban take da ta jirgin Dammam. Tana arewacin Riyad, wajen filin jirgin sama. Ni na taɓa kwasar iyali zuwa tsohuwar tasha da tikitin Ƙasim a hannu, kafin mu tsallaka gari jirgi ya tafi. Uwargida ba ta yi min magana ba sai bayan isha'i. A tafi da iƙama, wato katin izinin zama, ta kowa, har yara.

Hajiya Ladi: Ku bar zancen Ha'il a wannan zafin. Baban Walid, in namun daji masu rai 'yarka take so, kawo ta Ɗa'ifa. Gwaggon birai ne a hanyar Hada, wadda ke gangarawa daga dutsen Ɗa'ifa zuwa Makka, garke-garke, zaune a kan katangar titi kamar masu jiran mota. Babban namijin furfura ce a kafaɗarsa kamar ya yafa bargo, matan na biye da shi, jarirai maƙale a cikinsu. Sai dai a kiyaye, ba abin wasa ba ne. Wata shekara muka tsaya, jikata ta sauke gilashi kaɗan don ta ɗauki hoto, hannu kawai muka gani ya shigo ya fizge ledar burodi daga cinyarta. Ya koma kan katanga ya yage ledar da haƙori, ya ci tsakiyar ya yar da ɓawon, yana kallonmu ido cikin ido. Kar a ba su abinci, hukuma ma ta hana, don shi ya sa suka raina mutane suke shiga har gidaje.

Garin yana sama da mita 1,800, da daddare sai ka nemi abin rufa. Ku hau motar igiya ta Hada, mai tafiya a rataye a sama, ku je dutsen Shafa da safe kafin jama'a su cika. Furen wardi dai kun makara, nasa lokacin wajen Maris da Afrilu ne, amma za ku tarar da rumman da inabi in hutun ya yi nisa.

Ɗan Jidda: Hajiya, Abha fa? Dutsen Sauda ya kai kusan mita 3,000, hazo yana shigowa har cikin mota. Birai kuwa har sun fi na Ɗa'ifa rashin kunya. Akwai ma wani tsuntsu mai doguwar jela, baƙi da fari, da duk duniya sai a duwatsun Asir ake samunsa, Turawa masu kallon tsuntsaye suna zuwa takanas dominsa.

Hajiya Ladi: Abha ta fi kyau, ban musa ba. Amma ka ji ya ce da dattijuwa. Wannan hawa da gangara na Asir, mai lafiya ma sai kansa ya juya.

Baban Walid: Damisa fa? Yarinyar ta ga hotonta a makaranta.

Kawu Sale: Hoton ya ishe ta. Damisar Larabawa ta kusa ƙarewa a duniya, waɗanda suka rage a ƙasar nan ana kiwonsu ne a cibiyar da ke Ɗa'ifa don su hayayyafa, da niyyar a sake su a yankin Ula nan gaba. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Barewa da mariri kuma suna cikin gandun da aka killace, sai da izini ko jagora.

Malam Habu na Madina: Ga tawa dabarar, ko za ta yi. Ku hau jirgin sama zuwa Ɗa'ifa saboda Hajiya, ku yi hayar mota ku kwana uku. Ranar saukowa ku ɗaura harami a Wadi Muhrim, yana nan bakin hanyar Hada, ku yi umara. Daga Makka ku shiga jirgin Haramaini zuwa Madina. Kilomita 450 ne, yana gudun 300 a awa, ƙasa da awa biyu da rabi kun iso. Tun 2018 yake aiki. Ba a kwana a ciki, amma yaro in ya ga lambar gudun tana hawa a allo zai manta da gado. In kun iso ku kira ni, tuwo na jiranku.

Baban Walid: Malam, Allah ya saka da alheri, wannan ta zauna min. Na karanta wa Hajiya, da ta ji umara da ziyara ta ce gwiwar ma ta yi sauƙi. Walid ne dai ya kumbura fuska, ya ce jirgin da ba a kwana a ciki ba jirgi ba ne. Na ce masa Ha'il sai hutun sanyi in Allah ya kai mu, ya ce in rubuta masa a takarda in sa hannu.

Maman Sumayya: Ka sa hannun, yaya. Amma ka yanki tikitin da ya wuce Ha'il, zuwa Jauf ko Ƙurayyat, in ba haka ba kafin ya gama murnar gadon za a ce ku sauka.

Hajiya Ladi: A rufe gilashin mota a Hada dai. Na faɗa.