Neman kalma: kifin carp da fatsarsa a tsakiyar sanyin Ingila

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina rubutu kan masu fatsa na Ingila da ke kama kifin da suke kira carp ta hanyar da suke ce wa surface fishing. Ba sa nutsar da koto. Ɓawon burodi ko busasshen biskit na karnuka suke watsawa ya yi ta yawo a kan ruwa, a ɓoye ƙugiya a jikin guda, kifin ya taso ya zuƙe. Aikin lokacin zafi ne, amma akwai masu taurin kai da ke yinsa a Janairu. Sunan kifin nake nema, da sunan fatsar. Na rubuta "karfasa", hankalina bai kwanta ba.

Daga Yamai: Wa alaikumus salam. Karfasa ce mana, Malam. Nan kowace mai gasa kifi a bakin Kogin Kwara, in ka ce carpe, karfasa za ta miƙo maka.

Malamin kiwon kifi: Ɗan'uwa, a nan rikicin ya samo asali. Faransancin Afirka ta Yamma ne ya ɗora wa karfasa sunan carpe, amma kifayen ko dangi ba su haɗa ba. Carp na gaske asalinsa kogunan Turai da Asiya ne, irin su Danube. Yana da 'yan gashin baki biyu a kowane gefe, ba shi da haƙora a baki sai a maƙogwaro, kuma bakin nasa miƙewa yake yi ya tsotsi abinci. Ga girma: wanda wani mai fatsa, Richard Walker, ya kama a tafkin Redmire na Ingila a 1952 nauyinsa fam 44 ne, kusan kilo 20, har aka kai shi gidan zu na Landan. Wa ya taɓa ganin karfasa mai kilo 20?

Basarke daga Yawuri: To ku ce dummi. Bakin nan mai tsotso da kuke faɗa, na dummi ne.

Malamin kiwon kifi: Baba ya fi kusa da gaskiya, don dummi da carp gida ɗaya suka fito. Sai dai in muka ce dummi, masunci zai ga nasa na Kainji ne. "Dummin Turai" kuma zai yi wa China rashin adalci, can ne aka fi kiwonsa. Ni na fi son a ara kawai, a ce kifin kaf. Ba baƙo ba ne ƙwarai: tun shekarun 1950 aka kawo shi gonar kifi ta Panyam a Filato, inda sanyin wurin ya karɓe shi.

Mai tambaya: Kifin kaf ya zauna. Saura fatsar. Na yi tunanin "fatsar kan ruwa".

Basarke daga Yawuri: A'a, yaro. In ka ce mini kan ruwa, cikin kwalekwale na gan ka. Mu kullum a kan ruwa muke. Abin da ya bambanta shi ne inda koton yake, ba inda mai fatsar yake ba.

Daga Yamai: Fatsar bisa fa?

Malamin kiwon kifi: Daidai ne a Hausar yamma, Bakano zai ce fatsar sama. Amfaninta shi ne tana da kishiya, fatsar ƙasa, wadda ake sa wa darma koto ya kwanta a gindin ruwa, kuma ita ce aka saba yi da sanyi. Dalili kuwa, ruwa ya fi nauyi a digiri 4 na ma'aunin Celsius, don haka idan sama ta kusa daskarewa, ƙasan tafki ya fi ɗumi. Jikin kifi da zafin ruwa yake tafiya. Sanyi na kama shi sai cinsa ya ragu, ya taru wuri guda ya lafe. Amma ranar da iska ta kwanta, rana ta fito sosai, saman ruwa kan ɗan ɗumama bayan azahar, musamman gefen da ke da kariya. Nan kaf ke tasowa jin ɗumin rana. Wannan 'yar tazarar mai fatsar sama yake dako, yana jefa koto ƙwaya uku, huɗu, don in ya cika, kifin ya ƙoshi kafin ya iso ga ƙugiya. Ga agwagi da tsuntsayen teku da yunwa ta koro, su ma suna kai wa burodin wawa.

Basarke daga Yawuri: Duk wannan wahala, nawa suke sayar da shi?

Malamin kiwon kifi: Ba sa sayarwa, Baba. Su auna, su yi hoto, su mayar da shi ruwa.

Basarke daga Yawuri: Allah ya kyauta.

Mai tambaya: Amin, Baba. Na jingine kalmar "hunturu" ma, tunda nasu ruwa da laka ne, ba ƙura ba. Ga abin da zan rubuta: fatsar sama ta kifin kaf a lokacin sanyi. 'Yan Nijar su karanta "bisa".