Ɗaukar tsohon fim daga majigi da waya, hoton na ta ƙyaftawa

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Na samo faifan fim guda 6 na Super 8 (wani siririn zaren fim ne na da) a akwatin marigayi kakanmu nan Katsina, ciki har da hawan sallah a Ƙofar Soro, majigin ma na nan yana aiki. So nike in maida su cikin waya tun kafin zaren ya lalace.

Na kashe fitila na haska a farar takarda, na kafa wayar bisa tebur kusa da majigin. A ido hoton tas yake, amma a wayar sai ya riƙa ƙyaftawa, ga wani baƙin layi mai faɗi na gangarowa, tsakiya kuma ta yi fari fat har fuskoki ba su fita. Na gwada ɗauka da firem 30, wato hotuna 30 a sakan, na gwada 60, na kulle haske da fokas, farin ya ɗan ragu amma layin na nan. Na zaci wutar janareta ce, na jira aka kawo nepa, duk ɗaya. Fim ɗin firem 18 yake tafiya a sakan, majigin kuma ba ya da wurin ƙara gudu, kuma tsoro nike in yi ta maimaitawa zafin ƙwan ya ƙone man zaren.

Wane gudun shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) zan sa a wayar layin nan ya ɓace?