Abin da muka tsayar kan ruwan famfon Kalambaina

Mun zauna da maƙwabta ranar Juma'a bayan la'asar, kowa da kukansa. Wata ta kawo butar shayinta, cikinta ya yi fari fat da ɓawo. Wasu kuma sabulu ne ba ya kumfa.

Wani malamin kimiyya da ke cikinmu ya ce ƙasarmu ce sanadi. Kalambaina a kan dutsen farar ƙasa take, shi ma ya sa aka kafa masana'antar siminti a nan gefen Sakkwato. Ruwan burtsatse yana narkar da sinadarin kalsiyam da magniziyam daga dutsen, shi ne ake ce wa nauyin ruwa, mai kawo ɓawo da hana sabulu kumfa. Ya ce wannan nauyin ba shi ke sa ciwo ba, ya fi ɓata tukwane da bututu.

Ga buta, a zuba ruwan lemun tsami a bar shi ya kwana, ɓawon zai sauka. Wanki kuwa, garin sabulu ya fi na sanda aiki.

Inda muka fi daɗewa shi ne ruwan sha, kuma ni nan hankalina ya fi tashi. Da yawa sun ɗauka in an sa alif ruwa ya kwanta, shi ke nan. Alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. A tace, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, musamman na yara. A riƙa wanke tanki da randa, kuma kada a haƙa rijiya kusa da masai. An ce a bar tazarar aƙalla mita 30.