Duk shekara a Littafin Firistoci nake tsayawa, ku ba ni shawara don Allah

Ɗan_Sabon_Tasha:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ina da wata damuwa da na daɗe ina ɓoyewa. Shekara uku kenan duk ranar 1 ga Janairu bayan mun dawo daga sujadar shiga sabuwar shekara nakan yi wa Ubangiji alkawari zan karance Littafi Mai Tsarki kaf kafin Disamba, na ma yi lissafi, surori 1,189 ne, in ka yi uku zuwa huɗu kullum ka gama. Farawa da Fitowa nakan wuce su kamar ruwa don labari ne, amma da zarar Fabrairu ta kama na shiga Firistoci, hadayar kaza hadayar kaza, dokokin kuturta, shikenan sai mai ya ƙare. Addu'ar safe ma haka, in durƙusa sai hankalina ya tafi kuɗin haya ko barci ya kwashe ni a gefen gado. Tambayata ita ce, in mutum yana yi amma ba ya jin komai a zuciya, akwai amfani kuwa? Ba munafunci ba ne? Wani lokaci nakan ce gara in bari sai ranar da Ruhu ya motsa ni.

Maman_Tagwaye:
Ɗana, ranar da kake jira ɗin nan ba za ta zo da ganga ba. Ni na kai shekara talatin a Zumuntar Mata kuma ina gaya maka ba kullum nake jin daɗin sujada ba, wata rana kamar ana ja na da igiya. Amma tun muna yara a ƙauye mahaifiyarmu ba ta taɓa tambayarmu ko muna jin yi ba, ƙarfe biyar na asuba za ta kunna fitilar ƙwai ta ɗauko littafin waƙoƙi da tsohon Littafinta wanda bangon ya cire aka ɗinke da zare, mu yi waƙa ɗaya muna gyangyaɗi, ta karanta Zabura, ta yi addu'a, kowa ya kama tsintsiya. A lokacin haushi nake ji sosai. Sai da maigidana ya kwanta asibiti wata biyu, na kasa ko buɗe baki in yi addu'a, sai ga waɗannan ayoyin da na ji cikin barci suna fitowa da kansu ina zaune a kan benci. Ban san sun shiga ba. Manomi ba ya zuwa gona don yana jin daɗin fartanya, ɗana.

Malamin_Lahadi:
Mama ta gama magana, ni dai in ƙara abu biyu. Ka duba Daniyel 6:10. Da aka sa Sarki Dariyus ya kafa dokar kwana 30 kada a roƙi kowa sai shi, Daniyel bai ƙirƙiro wata sabuwar addu'ar gaggawa ba, ya hau ɗakinsa na sama mai tagogi a buɗe wajen Urushalima ya durƙusa sau uku a rana, kuma ayar ta ce kamar yadda ya saba. Wannan "saba" ɗin shi ne maganar. Na biyu, tunda ka ce ka wuce Fitowa har sau uku ai ka san labarin manna, abincin da Allah ya riƙa saukar wa Isra'ilawa a jeji, a sura 16, wanda ya tara ya ajiye don gobe sai ya yi tsutsa ya yi wari, banda ta rana ta shida. Mu kuma so muke mu ƙoshi a babban taro ko azumin Janairu mu ci har Disamba.
Batun Firistoci kuwa, wa ya ce dole ka bi a jere? Ka koma Markus, sura 16 ne kawai. Ko Karin Magana, 31 ne, ka bi kwanan wata. In za ka koma Firistoci ka haɗa shi da Ibraniyawa, nan ne hadayun za su fara yin ma'ana.

Nas_mai_dutin_dare:
Ku yi haƙuri Mama da Malam, ban ƙi maganarku ba amma ni irin wannan koyarwar ta taɓa jefa ni cikin wani hali. Aikin shif nake yi, sati ɗaya dare sati ɗaya rana, in na tashi daga aiki ƙarfe takwas na safe ko sunana ba na tunawa, sai in ga an turo a gurup ɗinmu na karatun Littafi Mai Tsarki a WhatsApp wai yau rana ta 47 wa ya karanta ya ɗaga hannu, ni kuma ina rana ta 12, har na fara jin kamar Allah yana riƙe da rajista yana min jan biro. Bafarisiyen nan na Luka 18 ai yana azumi sau biyu a mako yana fid da zakka, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce. Kuma Iliya da ya gudu jeji ya ce ya gaji a ɗauki ransa, mala'ika bai ce masa tashi ka yi azumi ba, abinci da ruwa ya ba shi ya sake kwanciya. Na fita daga gurup ɗin. Yanzu Zabura ɗaya nake saurara a waya cikin keke in zan tafi aiki, ko wane lokaci ne, kuma wata takwas kenan ban cika fashi ba. Ɗan'uwa anya ba buhun da ka ɗauka ne ya fi ƙarfinka ba?

Malamin_Lahadi:
'Yar'uwa ai ba mu saɓa ba. Wata takwas kullum a cikin keke, to me ake nema kuma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zauna jiran motsin zuciya.

Bakatolike_daga_Kafanchan:
Mu a wajenmu karatun kowace rana an riga an tsara shi, ba sai ka zauna kana tunanin ina zan buɗe ba, kuma hakan yana rage wahala ba kaɗan ba. Amma tambaya ɗaya, ina wayarka take kwana? In a ƙarƙashin filo take to Facebook ya riga Yesu gaisawa da kai. Ni a falo nake barin tawa a caji. Sannan unguwarmu akwai masallaci kusa, kiran sallar asuba ne alam ɗina, maƙwabcina yana fita da butarsa cikin sanyin Disamba ni kuma in ce bargo ya fi ƙarfina? Kunya ma ba ta barina.

Ɗan_Sabon_Tasha:
Kai, maganar filon nan ta same ni. Na gode Mama, na gode Malam, Allah ya ƙara hikima. 'Yar'uwa nas gaskiyarki, sura huɗu ta min yawa. Jiya na bar waya a falo na fara Markus, sura ɗaya kawai, na zo aya 35 inda Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, ban ji wani abu na musamman ba gaskiya, barci ma ya ɗan fizge ni. Yau na yi sura 2. Madam ta ce za ta riƙa tashina amma ita ma sai an tashe ta.