Neman shawara: ina firaktikal a ƙauye, ni da matan ruga ba ma jin juna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibar lafiyar al'umma ce, 'yar cikin birnin Kano, an tura ni firaktikal wani ƙaramin asibiti a ƙauye wajen Maigatari. Ranar awo yawancin matan daga rugage suke zuwa. Hausarsu ba ta da yawa, ni kuma ko gaisuwar Fulatanci ban iya ba. Duk abin da na faɗa sai a ce "to" a sunkuyar da kai. Wata ta dawo awo na biyu da maganin ƙarin jininta ƙulle a bakin zani, ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba. In miji ne tafinta, matar ta yi dogon bayani, shi kuma ya ce mini "ciwon kai ne kawai". Don Allah ya zan yi?

Wata ungozoma daga Gumel: Ƙanwata, fara da sallamar mijin cikin girmamawa, ki ce dubawar ta mata ce. Ba lallai ɓoye miki yake ba, ita ce ba za ta ambaci zubar jini ko ciwon mara a gabansa ba. Kunyar Fulani ba wasa ba ce, mace tana naƙuda ta dake kamar ba ita ba. To kada ki dogara da baki. Auna jininta, danna ƙafarta ki ga ko akwai kumburi, ki duba cikin idonta ko ya yi fari. Tafinta kuwa mace za ki nema, cikin masu kawo nono kasuwa, waɗannan sun iya Hausa sarai. Amma ban da kishiya, ban da suruka, ban da ƙaramar yarinya.

Wani ɗalibi: Anti, ai Google Translate ya sa Fulatanci tun 2024, ki gwada.

Ungozomar: Ɗana, da wane sabis? Kuma Fulatanci kala-kala ne, na waya daban, na bakin tsohuwar ruga daban. Maganar magani ba a yi mata gwaji.

Wani tsohon ma'aikacin lafiya: 'Yata, ki daina tambayar "kin gane?", amsar kullum "to" ce. Ki haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, a gabanta, ƙunshi ɗaya a ruwa lita ɗaya, wato ledar fiyawata biyu, sannan ki miƙa mata ta haɗa da hannunta kina kallo. A takardar magani ki zana rana, ki zana wata. Riga-kafin jarirai na sati 6 da 10 da 14 kuwa, kada ki ba ta kwanan wata. Kasuwar Maigatari ran Alhamis take ci, sai ki ce ta dawo bayan kasuwa huɗu, ba za ta manta ba. Ki kuma roƙi mai kula da ke ta raka ki ki gai da Arɗo. In ya san da ke, mazan za su sake.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba. Akwai wata dattijuwa mai kawo mana fura da nono, gobe zan yi mata magana, ta fara koya mini gaisuwa da sunayen gaɓoɓi. Shin ana ba tafinta wani abu ne, ko godiya ta wadatar?

Ungozomar: Ki dinga sayen nononta, kada ki nemi ragi.