Corolla tana shaƙewa in ta yi zafi: yaya zan auna ƙarfin esansi a gida?

Ɗan Adar

Assalamu alaikum masana. Corolla ce ta 1994, inji 4A-FE, mai anjektar. Da safe tana tashi lafiya, cikin garin Tawa ma ba ta da matsala. Amma in ta ɗau zafi a hanyar Konni, wajen Badagishiri haka, sai in taka ta ƙi karɓa, ta riƙa tsinkewa. In an kashe ta minti goma kuma sai an daɗe ana ba ta kontak kafin ta tashi. Buji sababbi ne. An ce in sayi pompon esansi, ni kuwa ina son in auna tukuna. Wane agogo ake bukata, ina ake ɗaura shi, kuma nawa ya kamata ya nuna?

Usta Garaji

Wa alaikumus salam ƙanena. Agogon awon ƙarfin esansi za ka nema, mai kai wa bar 7 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi), da tiyonsa da bulon mai rami. Na awon taya ba ya yi, esansi yana cinye robar cikinsa. Toyota ta wannan zamani ba ta da bakin gwaji a jikin sandar anjektar, shi ya sa ake ɗaura agogon a kan bulon da ke saman filtar esansi, can jikin bango bayan inji.

Ka yi aikin da safe, inji a sanyi, a fili, nesa da murhu da mai shan taba. Ajiye bokitin rairayi kusa. Wutar esansi ba a kashe ta da ruwa. Ɗaga kujerar baya ka zare fish ɗin pompo, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, ka buɗe murfin tanki, sannan ka cire kan batir na mas, wato mai alamar (-). Yanzu ka rufe bulon da tsumma, ka riƙe filtar da kile ɗaya, ka kwance da kile 17 a hankali, don ko an rage ƙarfin sai ya ɗan fesa. Nan za ka ɗaura agogon da bulonsa mai rami. Rondal na tagulla sababbi za ka sa sama da ƙasa, tsofaffin sun riga sun lotsa, yoyo za su yi.

Mai da fish da batir. A cikin kapo akwai ƙaramin akwati da aka rubuta DIAGNOSIS. Haɗa ramin +B da na FP da guntun waya, ka buɗe kontak ba tare da ka tayar ba. Pompo zai yi ta aiki. Allura ta tsaya tsakanin bar 2,7 da 3,1. Duba yoyo kafin komai. Cire wayar, tayar da mota: a ralanti, wato inji na juyawa ba a taka ba, allura za ta sauko wajen 2,1 zuwa 2,6, don iskar inji tana jan regilatar, wato abin da ke daidaita ƙarfin esansi. Zare ƙaramin tiyon iska na regilatar ka toshe shi da yatsa, allura ta koma wajen 3. In ba ta motsa ba, regilatar ya mutu. In ka ga esansi cikin wannan tiyon, ko ka ji warinsa, fatar ciki ta yage, kuma wannan kaɗai yana sa mota ta ƙi tashi da zafi.

Daga nan kashe inji ka kalli allura minti biyar. Kada ta sauka ƙasa da bar 1,5.

Malam Lantarki

Usta ya gama da awon, saura abin da ya sa mutane suke sayen pompo biyu a banza. Wasu suna buɗe kontak, ba su ji kukan pompo ba, sai su ce ya ƙone. Wannan Toyota ba ta kunna pompo da buɗe kontak kawai, sai inji yana juyawa, saɓanin irin su Peugeot 406 da ke yin ɗan kuka na daƙiƙa biyu.

In agogo ya nuna ƙasa, kafin a taɓa tanki a auna wuta a fish ɗin pompo yana cikin aiki. Inji na tafiya, batir yana ba da kamar volt 14. Abin da ya isa pompo bai kamata ya gaza wannan da fiye da rabin volt zuwa ɗaya ba. Pompo mai samun volt 10 lafiyarsa ƙalau, yunwa ce take damunsa: rele mai ƙonannen baki, fish da ya yi kore, ko wayar mas da ta saki.

Kuma Malam Ɗan Adar, matsalarka da zafi take zuwa, awon sanyi zai iya fitowa daidai ya ruɗe ka. Bar agogon a ɗaure, inji ya yi zafi har fanka ta tashi sau biyu, sannan wani ya taka wuta da ƙarfi kai kana kallo. Allura ta ɗan haura ne. In ta faɗi, esansi ba ya isowa da yawan da ake so.

Usta Garaji

Gaskiyar Malam. In ta faɗi, ga yadda ake raba gardama. Naɗe tiyon da ke mai da esansi tanki da tsumma, ka matse shi da filaya daƙiƙa biyu zuwa uku, kada ka wuce. Allura ta yi tsalle sama da bar 4, pompo yana da ƙarfi, regilatar ne ke sakin mai. Ba ta tashi ba, to sai filtar, ko rariyar gindin pompo, ko pompon kansa. Fara da filtar, shi ne mai arha. Juye tsohon a farin kwano ta bakin shiga. In ka ga jan ƙasa da tsatsa, tankin ma yana son wanki, in ba haka ba sabon pompo zai bi sawun tsohon. Mai shan esansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya fi kowa gamuwa da wannan, saboda ƙura da ruwa da ke shiga jarka.

Saukar allura bayan an kashe kuma, a sake cika ƙarfin, a matse tiyon da ke zuwa daga tanki. Ta tsaya, bawul ɗin cikin pompo ne ke mai da esansi baya. Ba ta tsaya ba, a matse na komawa: in ta tsaya nan, regilatar ne. In har yanzu tana sauka, anjektar ce ke ɗiga cikin inji, kuma za ka ga buji ɗaya a jiƙe.

Hajiya Mai Kayan Mota

Ƙarin bayani ga masu karantawa da wata mota. Corolla mai injin 1ZZ-FE ba ta da tiyon komawa, regilatar yana cikin tanki, ƙarfinta bar 3 zuwa 3,5 ne kuma ba ya sauka a ralanti. Tiyonta na roba mai tauri ne, in an matse shi fashewa yake. Mai karburatar ba ta kai rabin bar ba. Injin esansi da aka rubuta D-4 a kansa yana wuce bar 100 bayan pompo na biyu, gazuwal D-4D kuwa sama da 1000. Waɗannan kada a kwance musu bututun ƙarfe a gida, fesinsu yana huda fata.

Shi kuma pompo esansin tanki ne ke sanyaya shi. Mai yawo da lita uku a watan Afrilu, ranar da zafi ya wuce digiri 40, shi yake dafa pomponsa. A riƙe kwatan tanki ko fiye. In awo ya tabbatar pompon ne, a sayo shi tare da sabuwar rariya, a kuma je kanti da tsohon a hannu don a gwada tsawo da bakin fish.